Karayar wuya ga mai ciwon haɗewar ƙashin baya: me ya sa ake ɗaure ta da ƙarfe?

Wane irin ciwo ne wannan?

Likitoci suna kiransa ankilosin sifondilaitis. Kumburi ne da ke kama gaɓoɓin ƙashin baya, yawanci daga ƙugu yake tasowa, kuma ya fi bayyana kafin mutum ya kai shekara 45. Idan shekaru suka ja, ƙasusuwan sai su manne da juna su zama sanda guda, a hoton asibiti kamar gora. Mai ciwon yakan ranƙwafa, kuma ba ya waiwaye sai ya juya jiki gaba ɗaya.

Ashe ƙashin da ya haɗe ba ƙarfi ya ƙara ba?

Ko kaɗan. Lafiyayyen wuya yana da ƙasusuwa 7 da ke lanƙwasawa, su raba nauyin duka a tsakaninsu. Wanda ya haɗe ba ya lanƙwasawa, ga shi cikinsa ya yi rauni, don haka yakan ɓalle kamar busasshen kara. Santsi a banɗaki ko faɗuwa daga kujera ya isa. Karayar ta fi faruwa a ƙasan wuya, tsakanin ƙashi na 5 da na 7, kuma takan ratsa daga gaba har baya. Dogayen ɓangarorin biyu sai su riƙa motsi a wuri guda, alhali laka tana bi ta tsakiya. Daga nan shanyewar hannu da ƙafa ke zuwa.

Me ya sa ake makara wajen gano ta?

Mutumin ya saba da ciwon baya, sai ya ce na kullum ne. Hoton ƙashi na yau da kullum kuma yakan ɓoye karayar. Shi ya sa ake neman hoton CT, mai nuna ƙashi dalla-dalla, na dukan ƙashin baya, don wani lokaci akwai karaya ta biyu a wani wurin, da kuma hoton MRI, mai nuna laka da tsoka, don a ga ko jini ya taru yana danne laka.

Idan ya faɗi, a miƙar masa da wuya?

Kul! Nan ne masu taimako suke yin ɓarna da kyakkyawar niyya. Wuyan da ya shekara goma a ranƙwafe, idan aka kwantar da shi ɗoɗar a kan katako, karayar buɗewa take yi. A tallafe kan da matasai yadda yake tun asali, a faɗa wa ma'aikatan asibiti ciwon da yake da shi. Wannan ba aikin mai ɗori ba ne, komai gwanintarsa.

Yaya ake yin tiyatar?

An fi shiga ta bayan wuya. Likita zai ɗaura sukurori a ƙasusuwan, yawanci kamar uku sama da karayar da uku ƙasa da ita, ya haɗa su da sandunan ƙarfe biyu. Ana tsawaita ɗaurin ne don ƙashin ba ya riƙe sukuru da kyau, sai an raba nauyin. Ɗaure gaba kaɗai da farantin ƙarfe ya fi saurin kwancewa. Idan akwai babban giɓi a gaban, akan yi gaba da baya duka. Ko sa bututun numfashi ma aiki ne, sau da yawa ana zura shi da na'ura mai kyamara mutum yana farke, don kada wuyan ya motsa.

Ba za a iya barinsa da abin ɗaure wuya kawai ba?

Ana yi ga wanda jikinsa ba zai jure tiyata ba, amma karayar na iya gocewa, ga gyambon kwanciya da ciwon huhu, tunda haƙarƙarinsa ma ya sandare. Tiyatar ma tana da haɗari, musamman ga dattijai: zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta wurin da aka yanka. Ribarta ita ce mutum yana tashi zaune da wuri, kuma ƙashin mai wannan ciwo, da zarar an hana shi motsi, yakan haɗe da kyau.