Tumbi da alamomin da ke kan ƙwayoyin gado: wanne ke haifar da wani?

Tun da masana suka fara duba abin da suke kira metileshin a jinin masu ƙiba, ake ta yaɗa cewa an gano "sirrin teɓa". Maganar ba ta kai nan ba, amma akwai abin ji a cikinta.

Mene ne metileshin ɗin nan?

Kusan kowace ƙwayar jikin mutum tana ɗauke da DNA iri ɗaya, wanda ya gada daga uwa da uba. Duk da haka ƙwayar hanta aikin hanta take yi, ta kitse kuma tara kitse, domin ba duk abin da ke rubuce a DNA ake karantawa a ko'ina ba. Jiki yakan liƙa wani ɗan mitsitsin sinadari mai suna metil a kan harafin C, ɗaya daga haruffan da DNA ke rubuce da su, galibi inda harafin G ke biye da shi, kuma irin waɗannan wurare sun kai kimanin miliyan 28. Wannan liƙawar ce ake kira metileshin. Idan alamomin suka taru a bakin wata ƙwayar gado, yawanci sai ta yi shiru, ta rage aiki. Wanda ya yi karatun allo ya san abin: baƙi yana nan yadda yake, amma wasalin da aka ɗora masa shi ke sauya yadda za a furta shi. Shekaru, abinci da shan taba duk suna taɓa waɗannan alamomi.

Me ya sa aka ware tumbi, ba a ce ƙiba kawai ba?

Saboda kitse iri-iri ne. Na cinya da ɗuwawu yana kwance ne a ƙarƙashin fata, ɓarnarsa ba ta da yawa. Na tumbi kuwa, wani sashensa yana can ciki ya naɗe hanji, kuma jinin da ke fitowa daga wurin hanta yake nufa kai tsaye, ɗauke da maiƙo da sinadaran kumburi. Daga nan insulin, sinadarin da ke daidaita suga a jini, ya fara kasa aiki, ciwon suga da hawan jini su samu ƙofa. Shi ya sa za ka ga mutum ba shi da wani jiki, hannu da ƙafa sirara, amma cikinsa ya turo riga, kuma haɗarinsa ya fi na wani mai nauyi. A wurinmu har yanzu ana yi wa mai tumbi kallon wanda ya samu duniya, likita dai ba haka yake ganinsa ba.

Me bincike ya gano a zahiri?

A 2014 mujallar Lancet ta buga wani bincike da ya nuna cewa yawan alamar metil a kan ƙwayar gadon HIF3A yana tafiya tare da ƙiba. Bayan haka sunaye biyu suka yi ta maimaituwa a binciken ƙasashe daban-daban. Ɗaya CPT1A, mai taimaka wa jiki shigar da maiƙo inda za a ƙone shi, wadda alamominta ke raguwa yayin da ƙugu ke faɗi. Ɗayar ABCG1, mai aikin jigilar kolestarol, ita kuma nata ƙaruwa suke yi. Ba Turawa kaɗai aka auna ba. Binciken RODAM, wanda ya haɗa 'yan Ghana mazauna ƙauye da birni da waɗanda ke Amsterdam, Landan da Berlin, ya duba jinin mutum sama da 500, kuma a sakamakon da ya fito a 2017 CPT1A ɗin nan ta sake bayyana.

Ke nan alamomin ne ke jawo tumbi?

A nan ne masu yaɗa labari ke yin tuntuɓe. Ganin abu biyu tare ba ya nuna wanne ya riga wani. A 2017 mujallar Nature ta fitar da babban bincike a kan mutum fiye da 10,000, aka samu wurare 187 da alamominsu ke da alaƙa da ƙiba. Da aka bi diddigi, sai aka ga mafi yawansu ƙibar ce ta haifar da su, ba su suka haife ta ba. Wato tumbi ne ya fara zuwa, sannan ya bar sawunsa a kan DNA. Sawun ma yana da amfani, domin a wannan binciken ya taimaka wajen hango waɗanda za su kamu da ciwon suga nan gaba. Sai dai a tuna, yawancin awon nan a jini ake yin sa don shi ne mai sauƙin ɗiba, alhali alamomin ƙwayoyin jini ba lallai su zo ɗaya da na kitsen ciki ko na ƙwaƙwalwa ba.

Babu alamar da ke riga tumbi zuwa?

Akwai, kuma a ganina nan ne maganar ta fi nauyi: waɗanda ake ɗorawa tun mutum yana cikin mahaifa. A 2003, a Jami'ar Duke ta Amurka, Randy Jirtle da Robert Waterland sun yi gwaji da wasu ɓeraye da ake haifa rawaya, su girma da ƙiba. Da aka ƙara wa iyaye mata folik asid, bitamin B12, kolin da betain, sai da yawa daga 'ya'yan suka fito da gashi ruwan ƙasa, alamar cewa metil ya rufe bakin ƙwayar gadon da ke kawo matsalar.

A mutane kuwa, yaƙi ne ya yi gwajin. A hunturun 1944 zuwa 1945 yunwa ta faɗa wa yammacin Holan lokacin da Jamus ta mamaye ƙasar a Yaƙin Duniya na Biyu. Matan da aka ɗauki cikinsu a wannan tsakani, da suka kai shekara 50, an same su da ƙugu mafi faɗi. A 2008 kuma aka ga waɗanda yunwar ta riska a farkon ciki suna da ƙarancin metil a kan ƙwayar gadon IGF2 idan aka kwatanta su da 'yan'uwansu na ciki ɗaya, bayan shekara 60.

Misali mafi kusa da mu yana Gambiya, a ƙauyukan da ke kewaye da Keneba. Can ma kamar ƙauyukanmu ne: da damina rumbu ya yi ƙasa, aikin gona ya yi yawa, ga kuma ganye ya wadata. An gano yaran da aka ɗauki cikinsu da damina sun fi na rani yawan metil a wasu wurare, har da POMC, ƙwayar gadon da ke da hannu wajen sanar da ƙwaƙwalwa an ƙoshi. Wannan bai nuna cewa ɗan damina zai yi tumbi ba. Abin da ya nuna shi ne abincin uwa a makonnin farko yana barin alama mai daɗewa.

Ana iya goge alamomin?

Wasu suna sauyawa. A 2013 masana a Jami'ar Lund ta Suwidin sun sa maza 23 motsa jiki na wata shida, suka tarar alamomin dubban ƙwayoyin gado a kitsensu sun canza. Amma kada wani ya je kemis ya sayi folik asid da sunan rage teɓa. Maikirogiram 400 da ake ba mace kullum kafin ciki da farkonsa, don kare lakar jariri ne.

Jikoki suna gadon alamomin?

Jiki yana share mafi yawansu a lokacin ɗaukar ciki, ya sake sababbi. Hujjar cewa suna tsallakawa har zuwa jikoki a mutane tana da rauni.

To, in je a yi min awon metileshin?

Ba a amfani da shi a asibiti wajen gano haɗarin tumbi, kuma tef ɗin tela zai gaya maka abin da kake nema. Ka tsaya, ka saki numfashi, ka zagaya tef ɗin tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da saman ƙashin ƙugu, ba tare da ka shanye ciki ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗari yana farawa daga santimita 94 ga namiji da 80 ga mace, ya yi tsanani bayan 102 da 88. Hanya mafi sauƙi ita ce kada awon ya kai rabin tsayinka: mai tsayin santimita 170 ya tsaya ƙasa da 85.