Ɗa'ar Tarin Bayanai da Ƙirƙirarriyar Basira a Arewacin Kamaru da Chadi

Ɗa'ar tarin bayanai da ƙirƙirarriyar basira fanni ne da ke nazarin abin da ya dace da wanda bai dace ba wajen tattara bayanan jama'a, adana su, da barin na'ura ta yanke hukunci da su. Tarin bayanai shi ne bayanan da yawansu ya fi ƙarfin lissafin ɗan Adam, kamar rajistar kiran waya, shige da ficen kuɗi, hotunan fuska da zanen yatsu. Ƙirƙirarriyar basira kuwa manhaja ce da ake horarwa da irin waɗannan bayanai har ta iya gane fuska, fassara magana, ko hasashen wanda zai biya bashi. A arewacin Kamaru da Chadi, inda Hausawa ke zaune tare da Fulani, Barebari da Larabawan Shuwa, kusan duk manhajojin daga waje suke zuwa, amma bayanan na mutanen gida ne.

Inda bayanan ke fitowa

Hanya mafi girma ita ce wayar hannu. Doka a ƙasashen biyu ta ce a yi wa layi rajista da katin shaida, don haka kowane kira yana rataye da sunan wani. Ga kuma kuɗin waya: MTN MoMo da Orange Money a Kamaru, Airtel Money da Moov Money a Chadi. Ɗan kasuwar da ke aika kuɗin albasa daga Marwa zuwa Kuseri yana barin sawu na nawa ya aika, ga wa, da ƙarfe nawa. Sai gwamnati: hukumar zaɓen Kamaru, ELECAM, tana ɗaukar zanen yatsun masu zaɓe, Chadi ta yi zaɓen shugaban ƙasa na 2016 da irin wannan rajista, kuma hukumar ANATS ce ke buga katin shaida da fasfo a can.

Yarda

Kusan duk dokokin kare bayanai sun ginu a kan yardar mai bayanan, kuma a nan ne aka fi samun tangarɗa. Ana tsammanin mutum ya karanta sharuɗɗa, ya fahimta, kuma yana da damar cewa a'a. A rumfar mai cire kuɗi a bakin kasuwar Garwa, ba kasafai ake cika ko ɗaya ba. Sharuɗɗan da Faransanci suke. Tsohuwar da ɗanta ya turo wa kuɗi takan miƙa wa mai rumfar wayar, ta faɗa masa lambobin sirrinta a gaban masu jiran layi, shi kuma ya kwafe lambarta a wani littafi da ke kwana a cikin akwatin rumfar. A takarda dai ta yarda.

Lamarin ya fi tsanani a sansanonin gudun hijira. Sansanin Minawao da ke kusa da Mokolo, wanda aka buɗe a 2013, yana ɗauke da 'yan Najeriya da suka tsere wa Boko Haram. Akwai na Dar es Salam kusa da Baga Sola a gefen Tafkin Chadi, sannan tun Afrilun 2023 'yan Sudan ke kwararowa ta garin Adre da ke gabashin Chadi. Hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya tana rajistar mutane da zanen yatsu da hoton ƙwayar ido, kuma hujjarta mai ƙarfi ce: hana mutum ɗaya karɓar rabo biyu, da ba wanda takardunsa suka ƙone wata shaida. Sai dai wanda abincin 'ya'yansa ke bayan teburin rajista ba shi da bakin ƙin dangwala yatsa. Kuma ana iya sauya lambobin sirri idan sun fita, amma ba a sauya ƙwayar ido.

Fargabar ba ta banza ba ce. A 2021 ƙungiyar Human Rights Watch ta ruwaito cewa bayanan 'yan Rohingya da aka ɗauka a Bangaladash sun isa hannun gwamnatin Myanmar, wato ƙasar da suka gudo daga cikinta, ba tare da cikakkiyar yardar da yawansu ba. A shekarar ce kuma na'urorin ɗaukar zanen yatsu da sojojin Amurka suka bari a Afganistan suka faɗa hannun Taliban. Al'ummar yankin ba baƙin wannan tunani ba ne, domin riƙon amana da haramcin bin diddigin sirrin mutane, wanda ya zo a aya ta 12 ta Suratul Hujurat, darasi ne da ake ji tun a makarantar allo. Sabon abu shi ne yanzu mai riƙe da amanar ba ya cikin gari, kuma ba a san fuskarsa ba.

Kuskure da son kai

Manhaja tana koyo ne daga abin da aka nuna mata. A 2018 Joy Buolamwini da Timnit Gebru sun gwada manhajojin tantance fuska na wasu manyan kamfanoni, suka tarar kuskure kan mata baƙaƙe ya kai kashi 34.7 cikin ɗari, alhali kan fararen maza bai wuce kashi 0.8 ba. A 2020 'yan sandan Detroit a Amurka sun kama wani baƙar fata da bai ji ba bai gani ba, saboda manhaja ta ce shi ne.

Yankin na da nasa sababban kuskure. Suna ɗaya yakan fito Mahamat a takardar Njamena, Mohamadou a ta Garwa, Muhammadu a ta Najeriya. Mutane da dama ba su da takardar haihuwa, sai a rubuta musu 1 ga Janairu na shekarar da aka ƙiyasta. Manhajar da ke neman sunaye masu kama da juna tana iya haɗa mutum biyu su zama ɗaya, ko ta raba ɗaya gida biyu, kuma a yankin da ake farautar 'yan ta'adda, kamannin suna ba abin wasa ba ne. Zanen yatsun manomi ko mai wanki ma yakan goge har na'ura ta kasa karantawa. Idan aka hana mutum haƙƙinsa ta haka, ma'aikacin zai ce kwamfuta ce ta ƙi, kamfanin da ya ƙera manhajar yana wata nahiya, mai ƙorafi ya rasa ƙofar da zai buga.

Harshe da ƙwadago

Hausa ta shiga Google Translate a 2013, amma akasarin rubutun da manhajoji ke koyo da shi Hausar Najeriya ce. Hausar Garwa, mai aron Faransanci da Fillanci, takan rikita su, kuma hakan na rage ƙarfinsu na gano ƙarya da kalaman tunzura jama'a. A ɗaya gefen, mujallar Time ta ruwaito a 2023 cewa ma'aikata a Kenya da suka tace munanan rubuce-rubuce don horar da ChatGPT, kuɗin da aka biya su bai kai dala 2 a awa ba.

Dokoki

Tarayyar Afirka ta amince da Yarjejeniyar Malabo kan tsaron intanet da kare bayanai a 2014, amma sai 2023 ta fara aiki, bayan ƙasashe 15 sun tabbatar da ita. A Nuwamban 2021 ƙasashe 193 na UNESCO suka amince da shawarwari kan ɗa'ar ƙirƙirarriyar basira, waɗanda ba su da ƙarfin doka. Chadi ta riga maƙwabciyarta, da dokar kare bayanai ta 2015 wadda hukumar tsaron intanet ta ANSICE ke sa ido a kai. Kamaru ta daɗe tana dogaro da dokar laifukan intanet ta 2010, sai a Disamban 2024 ta yi doka ta musamman kan bayanan mutane.

Babban ƙalubalen shi ne gwamnatin da ake so ta tsare bayanan tana cikin manyan masu tattara su, kuma ita ke da iko a kan kamfanonin sadarwa. Kamaru ta yanke intanet a yankunanta biyu masu magana da Ingilishi na kusan wata uku a 2017, Chadi kuma ta toshe WhatsApp da Facebook daga Maris na 2018 zuwa Yulin 2019.