Shamananci da Neman Gyaran Kai: Tambayoyi da Amsoshi

A 'yan shekarun nan kalmar shaman ta fita daga littattafan masana al'adun al'ummomi ta shiga tallace-tallacen intanet, inda ake gayyatar mutane zuwa zaman kwana biyu ko uku da alƙawarin warkar musu da raunin zuciya da kuma sada su da ainihin kansu. Tambayoyin da ke biye su ne waɗanda mai son fahimtar al'amarin zai fara yi.

Wane ne shaman, kuma mene ne aikinsa?

Kalmar ta fito ne daga harshen Ebenki, wata al'umma ta mafarauta da makiyaya a Siberiya, kuma Rashawa ne suka kai ta Turai a ƙarni na 17. A shekarar 1692 wani Baholande mai suna Nicolaes Witsen ya wallafa zanen da ake ɗauka shi ne na farko da Turawa suka gani na shaman, riƙe da ganga, da ƙahoni a kansa.

A wurin waɗannan al'ummomi, shaman mutum ne da jama'a suka yarda cewa yana iya fitar da kurwarsa da gangan, ta tafi duniyar iskoki ta yi wani aiki, sannan ta dawo. Aikin kuwa na jama'a ne: nemo kurwar majinyaci da ta ɓace, cire wani mugun abu da aka ce ya shiga jiki, gano dalilin da ya sa farauta ta ƙi, ko raka mamaci zuwa makomarsa don kada ya dami masu rai. A Siberiya yawanci da dare ake yin zaman a cikin tanti. Ana gasa fatar gangar a bakin wuta har ta ɗame, shaman ya saka rigarsa mai nauyi wadda aka rataya wa ƙarafuna masu ƙara, ya fara kiɗa a hankali yana rera kiran iskokin da ke taimaka masa, mutanen da ke zaune suna amsawa. Kiɗan ya yi ta ƙaruwa har ya faɗi ko ya shiga wani yanayi, yana ba da labarin inda ya kai da abin da ya tarar, mataimakinsa na kusa da shi don ya tabbatar ya dawo hayyacinsa. Dangin majinyaci suna wurin, suna ji, kuma gobe da safe za su ga ko an samu sauƙi.

Ke nan duk wani boka ko mai maganin gargajiya a duniya shaman ne?

A'a, ko da yake an daɗe ana faɗaɗa kalmar har ta kusa rasa ma'ana. Masanin tarihin addinai Mircea Eliade, ɗan ƙasar Romaniya, ya wallafa babban nazari a kan batun a 1951, inda ya tattara misalai daga Asiya da nahiyar Amurka da wasu wurare ya ce duk tushensu ɗaya, wato dabarar fita daga hayyaci da tafiyar kurwa. Aikin ya yi tasiri ƙwarai, amma masana da suka biyo baya sun soke shi da cewa bai taɓa zama da waɗannan al'ummomi ba, kuma ya haɗa abubuwan da ba su haɗu ba. A Koriya, alal misali, masu wannan aiki da ake kira mudang galibinsu mata ne, kuma ba kurwarsu ce ke tafiya ba, iskoki da kakanni ne ke hawansu su yi magana da bakinsu. Mai haɗa magani da saiwa da ganye, da mai duba, da mai tafiyar kurwa, sana'o'i ne daban-daban, ko da wani lokaci mutum ɗaya yana haɗa biyu.

Yaya mutum yake zama shaman a inda abin ya samo asali?

A wurare da yawa ba zaɓi ba ne, kuma ba abin da iyaye ke yi wa 'ya'yansu fata ba ne. Yakan fara da doguwar rashin lafiya da ta gagari magani, da miyagun mafarkai, da gudun mutane zuwa daji. A labaran da aka tattara daga al'ummar Yakut da maƙwabtansu a Siberiya, mai shiga aikin yana ganin iskoki sun yanka shi gunduwa-gunduwa, sun ƙirga ƙasusuwansa, sannan sun sake harhaɗa shi. A Koriya ana kiran wannan ciwo shinbyeong, kuma ana cewa ba ya sakin mutum sai ya miƙa wuya an yi masa bikin karɓar iskoki, daga nan ya shafe shekaru yana koyon waƙoƙi da tsarin aiki a hannun wata babba.

Matsayin ma yana da haɗarinsa. Wanda aka yarda yana iya warkarwa, ana kuma zargin yana iya cutarwa, kuma a cikin al'ummar Shuwar ta ƙasar Ekwado an sha kashe shaman bisa zargin shi ya jefi wani da ciwo. Hukumomi ma ba su bar su ba. An ƙona gangunan al'ummar Sami a arewacin Turai a ƙarni na 17 da na 18, har waɗanda suka tsira ba su wuce kimanin 70 ba, sannan a shekarun 1930 gwamnatin Tarayyar Sobiyet ta ƙwace ganguna ta ɗaure masu su. Sai bayan 1990 aikin ya sake fitowa fili a yankunan Tuba da Buryatiya na Rasha da kuma Mongoliya.

To, ta yaya abin ya koma hanyar gyaran kai a Turai da Amurka?

Mutum uku ne suka fi buɗe wannan ƙofa. Na farko shi ne Gordon Wasson, wani ma'aikacin banki a New York, wanda a 1955 ya halarci zaman dare na wata mai magani 'yar ƙabilar Mazatek, María Sabina, a garin Huautla na ƙasar Meziko, inda ake cin wani irin naman kaza, wato laimar kwaɗi, mai juya tunani, kuma ya ba da labarin a mujallar Life a 1957. Na biyu shi ne Carlos Castaneda, wanda tun daga 1968 ya riƙa wallafa labarin koyon da ya ce ya yi a wurin wani tsoho ɗan ƙabilar Yaki ta Meziko. Littattafan sun sayu ƙwarai, amma bincike ya nuna labarin cike yake da saɓani, kuma masana da dama suna ɗaukarsa ƙagagge. Na uku, wanda tsarinsa ya fi bazuwa, shi ne Michael Harner, masanin al'adu da ya zauna da Shuwar a shekarun 1950, daga baya ya tsara abin da ya ɗauka shi ne tsantsar shamananci, bayan an tuɓe masa rigar kowace al'ada, kuma ya wallafa jagoransa a 1980.

Tsarin Harner mai sauƙin koyo ne. Mutum zai kwanta ya rufe idanunsa, a buga masa ganga da sauri bugu iri ɗaya, ko ya saurari wanda aka naɗa, ya hasko wani rami ko kogon bishiya da ya sani, ya shiga ta nan da tambaya ɗaya a ransa, ya jira ya ga dabbar da za ta bayyana masa. Bayan minti 15 zuwa 30 sai kiɗan ya sauya, alamar a dawo, ya tashi ya rubuta abin da ya gani. Mutane da yawa suna cewa wannan yana kwantar musu da hankali, kuma babu dalilin ƙaryata su. Sai dai a nan ne aka juya al'amarin gaba ɗaya: a tantin Siberiya mutum ɗaya ne ke shan wuya domin wani ya warke, jama'a suna sa masa ido, alhali a ɗakin kwas kowa kansa yake nema, kuma ba wanda zai zo gobe ya tambaye shi sakamako.

Shin yana warkarwa da gaske?

Wani labari da masanin al'adu Franz Boas ya wallafa a 1930 ya fi dogon bayani amsa wannan. Wani mutum da aka kira Quesalid, daga al'ummar Kwakiyutul ta gaɓar yammacin Kanada, bai yarda da masu wannan aiki ba, sai ya shiga cikinsu don ya tona asirinsu. Aka koya masa ya ɓoye ɗan curin gashin tsuntsu a lungun bakinsa, ya ciji harshensa har jini ya fito, ya tsotsi jikin majinyaci, sannan ya tofar da curin jina-jina ya ce ga cutar ta fita. Ya yi hakan yana sane da cewa dabara ce, amma majinyacin ya warke, kuma sunansa ya kai ko'ina. Masanin Faransa Claude Lévi-Strauss ya ɗauko labarin a 1949 ya nuna cewa imanin majinyaci da na jama'ar da ke kewaye da shi wani ɓangare ne na maganin.

Likitancin zamani bai musanta wannan gefen ba. Sa rai da samun sauƙi, da jin cewa an fahimci ciwonka an ba shi suna, da ganin dangi sun taru saboda kai, duk suna rage raɗaɗi da fargaba. Wannan ya sa a 2009 wani asibiti a garin Merced na jihar Kalifoniya ya ba shamanan al'ummar Hmong, 'yan asalin kudu maso gabashin Asiya, izinin yin wasu ayyukansu a gefen gadon majinyata, domin mutanen sun fi amincewa da likita idan ba a raina abin da suka gada ba. Amma kiɗan ganga ba ya kashe ƙwayar tarin fuka, ba ya narkar da ciwon daji, kuma duk wanda ya ce wa majinyaci ya ajiye maganin asibiti ya ɗauki alhakin ransa.

Waɗanne haɗurra ne ke tattare da kasuwar da ta taso a kansa?

Akwai na jiki. A watan Oktoba na 2009, kusa da garin Sedona a jihar Arizona, wani mai koyar da gyaran kai, James Arthur Ray, ya tara mutum sama da 50 da kowannensu ya biya kusan dala 10,000, ya shigar da su wata bukkar turiri da ya kwaikwayo daga 'yan asalin Amurka, ya riƙa ƙarfafa su su daure ko da sun ji kamar za su mutu. Mutum 3 suka rasu, kuma a 2011 kotu ta yanke masa ɗaurin shekara 2. Haka nan ayawaska, jiƙon da ake dafawa daga wata kurangar daji da wani ganye a yankin Amazon, wanda ke jan baƙi zuwa garin Ikitos na Peru, yana tayar da hawan jini, yana iya yin mummunan karo da wasu magungunan ciwon damuwa, kuma yana iya tayar da taɓin hankali ga mai ɗauke da shi a ɓoye. Sinadarin da ke cikinsa haramtacce ne a ƙasashe da yawa. An kuma samu mata da dama da suka kai ƙarar cin zarafi a irin waɗannan wurare, domin wanda ya sha ba ya iya kare kansa.

Akwai kuma cutar da ake yi wa masu abin. Bayan labarin Wasson baƙi sun cika garin María Sabina, 'yan sanda suka biyo su, mutanen garin suka ɗora mata laifi har aka ƙona mata gida, kuma ta rasu cikin talauci a 1985. A 1993 wakilan al'ummar Lakota, 'yan asalin Amurka, sun fitar da sanarwa mai zafi ta yin tir da masu sayar da ibadunsu.

Yaya Musulunci da Kiristanci suke kallon al'amarin?

Dukansu sun hana neman taimako ko sanin gaibu ta hannun iskoki. A cikin Sahihu Muslim an ruwaito cewa wanda ya je wurin mai duba ya tambaye shi wani abu ba za a karɓi sallarsa ba har dare 40, kuma babi na 18 na littafin Maimaitawar Shari'a, a cikin Littafi Mai Tsarki, ya hana duba da tuntuɓar matattu. Masu tallata tsarin Harner suna cewa dabara ce kawai da ta dace da kowane addini, sai dai tun da jigonta shi ne ƙulla hulɗa da iskokin taimako, mai imani ba zai iya ɗaukar wannan magana da sauƙi ba. Nazarin abin don fahimtar mutane kuwa wani al'amari ne daban.

Idan mutum nutsuwa da gyaran hali yake nema a rayuwar yau da kullum, me ya rage masa?

Abin da ya rage ba shi da armashin talla. Idan aka duba abin da masu wannan hanya suke yi a ranakun da babu biki, za a ga keɓe ɗan lokaci na shiru da safe, da tafiya a ƙafa ba tare da waya ba, da rubuta abin da ya dami zuciya, da lura da sauyin yanayi da halittun da ke kewaye, da tuna waɗanda suka riga mu da yin godiya kafin cin abinci. Ba ɗaya daga ciki da ke buƙatar ganga ko jiƙo, kuma kusan kowane addini yana da gurbinsu a cikin ibadarsa. Amfaninsu yana zuwa ne ta maimaitawa, domin hali zanen dutse ne, zaman kwana biyu ba ya kankare shi komai ƙarfin abin da mutum ya gani a ciki.

A shekarun 1980 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, John Welwood, ya ja hankali ga yadda wasu ke fakewa da harkar ruhi don kauce wa abin da ya kamata su fuskanta. Mutum yana da bashin da bai biya ba, ko ɗan'uwan da ya yanke wa zumunci, ko damuwar da ke buƙatar likita, sai ya tafi neman kurwarsa a wata duniya ya dawo yana jin ya fi kowa wayewa. Saboda haka waɗanda ke zaune da mutum sun fi shi sanin ko ya sauya, ta yadda yake riƙe fushinsa da cika alƙawarinsa da sauraron wanda ya saɓa masa. Shi ma mai koyarwa ana iya auna shi da tambayoyi kaɗan kafin a biya ko sisi: a wurin wa ya koya kuma shekara nawa, yana tambayar tarihin lafiyar mutum da magungunan da yake sha, yana barin wanda ya gaji ya fita ba tare da an kunyata shi ba, kuma akwai wani a samansa da za a kai wa ƙara idan ya yi ba daidai ba.