Injin bin taurari

Injin bin taurari ƙaramin inji ne da ake ɗaura wa mazaunin na'urar hangen nesa, ya riƙa juya ta a hankali daga gabas zuwa yamma daidai da tafiyar sama. A gaskiya duniya ce ke juyawa. Idan aka auna da taurari, tana kammala zagaye ɗaya cikin awa 23 da minti 56 da sakan 4, wato kusan digiri 15 a kowace awa. Ido ba ya lura da wannan motsi, amma na'urar da ta ƙara girman tauraro tana ƙara saurin tafiyarsa. Cikin minti biyu sama kan gusa da faɗin cikakken wata, shi ya sa abin da aka saita a tsakiyar madubi yakan sulale ya fice tun mai kallo bai gama ƙare masa kallo ba.

Yadda yake aiki

Injin ya fi dacewa da mazaunin da ake kira na ikwaita, mai sandunan juyi biyu. Ana karkata ɗaya ta yi daidai da sandar da duniya ke juyawa a kanta. Idan saitin ya yi kyau, juya wannan sanda kaɗai ya wadatar a riƙe tauraro tsawon dare. Yawanci injin yana murza wani gajeren ƙarfe mai zare irin na kusa, shi kuma zaren yana tura babban faifai mai haƙora, haƙori ɗaya a kowane zagaye. A faifai mai haƙora 144 zagayen ƙarfen yakan ɗauki kusan minti 10, a mai 180 kuwa kusan minti 8.

Tarihi

Masana tarihi sun saɓa a kan wanda ya fara. Wasu suna komawa ga Su Song na ƙasar Sin, wanda wajen shekarar 1090 ya gina hasumiyar agogo a birnin Kaifeng, ruwa na juya wata na'urar zobba ta auna taurari a samanta. Wannan ya riga ƙirƙirar madubin hangen nesa da fiye da shekara 500. A Turai ana danganta farkon mazaunin ikwaita na madubi da Christoph Scheiner, wanda ya yi nazarin tabon rana a shekarun 1620, sai Robert Hooke na Ingila da ya bayyana tsarin juya irin wannan mazauni da agogo a 1674.

Wanda ya mayar da shawarar abin aiki shi ne Joseph von Fraunhofer na Jamus. A 1824 ya kammala wata na'ura mai gilashi mai faɗin santimita 24 domin gidan nazarin taurari na Dorpat, birnin da yanzu ake kira Tartu a ƙasar Istoniya. Nauyi ne da aka rataya yake jan haƙoran agogon da ke juya na'urar yayin da yake sauka, wani mizani mai juyawa kuma yana hana shi gudu fiye da kima. Da wannan na'ura masanin taurari Friedrich Georg Wilhelm Struve ya tattara jerin taurari masu tagwaye fiye da 3,000 da ya fitar a 1827, aikin da ke buƙatar tauraro ya tsaya cik a auna shi. Daga wannan ƙira aka samo sunan mazaunin Jamus, mai na'ura a gefe ɗaya da ƙarfen nauyi a ɗaya gefen, kuma har yau ana yawan ganinsa a hannun masu kallon taurari don sha'awa.

Agogon nauyi yana da tsada da wuyar ɗauka. Abin ya yaɗu ga masu kallo don sha'awa ne a tsakiyar ƙarni na 20, da aka samu ƙananan injuna irin na agogon bango, waɗanda saurinsu ke bin bugun wutar lantarkin gida. Na'urorin hangen nesa na Questar ta 1954 da Celestron C8 ta 1970 duk sun zo da irinsu. Aibinsu shi ne dogaro da wutar: injin da aka ƙera wa Amurka, inda bugun yake 60 a sakan, idan aka jona shi a ƙasa mai bugu 50 kamar Ingila ko Najeriya sai ya rasa kashi ɗaya cikin shida na saurinsa. Masu zuwa daji kallo sukan haɗa da wani akwati da ke samar da bugun daga batirin mota.

Masu ƙaramin ƙarfi ma ba su zauna ba. A 1975 George Haig na Sukotlan ya wallafa a mujallar Sky & Telescope wata dabara ta katako biyu da aka haɗa da hinji kamar ƙyauren ƙofa. Ana sa kusa mai zare 20 a kowane inci a nisan santimita 29 daga hinjin, a murza ta zagaye ɗaya a minti, da hannu ko da inji, kyamara na zaune a kan katakon sama. Bayan wasu mintoci takan fara kaucewa, har Dave Trott ya rage matsalar a 1988 da ƙarin hannu na biyu. A 1977 kuma Adrien Poncet na Faransa ya fito da wani dandamali da ake ɗora na'ura sukutum a kai, ya bi sama na ɗan lokaci kafin a mayar da shi farko.

Kuskuren inji

Babu ƙarfen da aka sassaƙa ba tare da ɗan karkata ba, saboda haka injin yakan ɗan yi gaba ya ɗan yi baya a kowane zagaye. Mai kallo da ido bai damu ba, amma a hoton da aka buɗe na mintoci taurari kan fito a jaye. Da can mai hoto yakan zauna cikin sanyi idonsa a kan tauraro guda yana gyara da maɓalli. A 1989 kamfanin SBIG ya fitar da ST-4, kyamarar da ke yin wannan gadi da kanta, kuma har yanzu da sunanta ake kiran kafar jona wayar irin wannan kyamara a jikin mazauni.

Saiti

Tauraron arewa, wanda da shi ake saita sandar juyin mazauni, bai zauna daidai kan tsakiyar juyin sama ba, ya kauce da ƙasa da digiri ɗaya. Tsayinsa daga ƙasa daidai yake da nisan wurin daga ikwaita, layin da ya raba duniya arewa da kudu, don haka a Kano digiri 12 kacal yake ɗagowa, gini ko ƙurar hunturu na iya rufe shi. A irin wannan wuri sandar takan kwanta sosai har ƙarfen nauyin wasu mazaunai ya bugi ƙafar mazaunin, sai an ƙara musu tsayi. A kudancin ikwaita ana juya injin ta ɗaya ɓangaren.

A yau

Kwamfuta ke sarrafa yawancin injunan yanzu, salon da na'urar hangen nesa ta Meade LX200 ta 1992 ta yaɗa. Suna nemo tauraro da kansu, kuma suna da saurin bin wata da na rana dabam da na taurari.