Waiwaye: Yadda Aka Raba Ƙasashen Duniya Gida Biyu

A ranar 20 ga Janairun 1949, shugaban Amurka Harry Truman ya yi jawabin kama aiki, inda ya yi alkawarin tallafa wa yankunan da ba su ci gaba ba da kimiyya da fasahar ƙasarsa. Masana da dama suna ɗaukar wannan jawabi a matsayin mafarin raba duniya zuwa ƙasashen da suka ci gaba da masu tasowa. A lokacin galibin Afirka tana ƙarƙashin mulkin mallaka, don haka an auna ta da mudun da ba a shawarce ta a kansa ba. A 1952 Bafaranshe Alfred Sauvy ya ƙirƙiro wa ƙasashe matalauta da ba sa ɓangaren Amurka ko na Tarayyar Soviet laƙabin "duniya ta uku", kuma a 1955 ƙasashe 29 na Asiya da Afirka suka hallara a Bandung ta Indunusiya domin su yi magana da bakinsu.

Wanda ya fi taɓo tushen matsalar, a ganina, shi ne masanin tattalin arziki ɗan Ajantina, Raúl Prebisch. Hujjarsa ita ce, ƙasar da ke sayar da ɗanyen kaya kamar auduga da koko da gyaɗa, sannan ta sayo injuna da tufafi da magunguna, kullum ita ke kwana a ciki, domin darajar kayanta tana raguwa idan aka gwada da ta kayan masana'antu. Duk wanda ya san labarin dalar gyaɗa ta Kano ba ya buƙatar dogon bayani a nan. Prebisch ne ya fara jagorantar hukumar kasuwanci da raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNCTAD, a 1964, shekarar da aka kafa ƙungiyar ƙasashe masu tasowa ta G77. A 1971 Majalisar ta ware ƙasashe 25 mafiya ƙarancin ci gaba, ciki har da Nijar.

Shi kansa mudun bai tsaya wuri ɗaya ba. Da farko kuɗin shiga kaɗai ake dubawa, sai a 1990 Mahbub ul Haq na Pakistan ya fito da ma'aunin da ya haɗa da ilimi da tsawon rai. A 2016 Bankin Duniya ya daina amfani da rabe-raben ƙasashen da suka ci gaba da masu tasowa a babban kundin alƙalumansa, yayin da a Ƙungiyar Kasuwanci ta Duniya kowace ƙasa ce ke ayyana wa kanta matsayin mai tasowa.

A wajajen 1960 kuɗin shigar mutumin Koriya ta Kudu bai yi wa na mutumin Ghana nisa ba. Koriya ta zuba jari a makarantu da masana'antun ƙarfe da jiragen ruwa da kayan lantarki, har a 2021 UNCTAD ta mayar da ita rukunin ƙasashen da suka ci gaba. Ghana kuwa har yau zinariya da ɗanyen mai da koko ne kan gaba a kayan da take fitarwa.