Yayen marayu da 'ya'yan riƙo

Yayen ɗan riƙo shi ne lokacin da yaro ko yarinyar da suka tashi a hannun mariƙi ko a gidan marayu suka kai munzalin da za su fara riƙe kansu. A dokar kare haƙƙin yara ta Nijeriya ta 2003, yaro shi ne wanda bai cika shekara 18 ba, daga nan hukuma kallon babba take masa ko yana da wurin kwana ko ba shi da shi. Jihar Bauchi ta daɗe ba ta karɓi dokar ba, sai a ƙarshen 2023 Gwamna Bala Mohammed ya sa hannu a kan tata, duk da dama can akwai hukumar BASOVCA mai kula da marayu da yara marasa galihu.

A wajenmu yawancin marayu ba sa ma zuwa gidan marayu, dangi ne ke kwashe su, wannan wajen baffa, wancan wajen goggo ko kaka. Musulunci ya yarda da riƙo amma bai yarda a sauya wa yaro uba ba, aya ta 5 a Suratul Ahzab ta ce a kira su da sunan ubanninsu, kuma ɗan riƙo ba ya gadon mariƙinsa ta dalilin riƙon, sai in an masa kyauta da rai ko wasiyya wadda ba ta wuce sulusin dukiya ba. Nan ne mutane da yawa ke sakaci wallahi, yaro ya girma a gida kamar ɗa, ran da maigida ya faɗi a zo rabon gado a sayar da gidan, shi kuma ya tsinci kansa da jakar kayansa a bakin ƙofa. Ita kuwa dukiyar da mahaifinsa ya bari, aya ta 6 a Suratun Nisa'i ta ce a riƙa jarraba maraya har ya isa aure, in an ga hankali ya zauna a miƙa masa abinsa a gaban shaidu. Wato tun yana gida ake ba shi ɗan jari a ga yadda zai juya.

Takardu su ne ke fara kayar da wanda ya tashi a gidan marayu. Tun 2021 ba a rijistar JAMB sai da lambar NIN, banki na son BVN, makaranta da aikin gwamnati da shiga soja ko ɗan sanda duk sai an kawo takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma, ita kuma galibi sai mai unguwa ko dagaci ya ce ya san gidanku. To yaron da aka tsinta yana jariri wane gida zai nuna? Shi ya sa gidan marayun da ya san aikinsa yake yi wa yara takardar haihuwa a hukumar ƙidaya tun suna ƙanana, ya haɗa wa kowa fayil ɗinsa.

Sai sana'a. Ɗinki, walda, kafinta, kanikanci, gyaran waya, duk ana koya, amma bikin yaye da keken ɗinki guda a ɗau hoto bai isa ba. Kuɗin shago a kasuwar Wunti ko ta Muda Lawal a Bauchi na shekara ake nema gaba ɗaya, mai gidan haya zai ce wa ya tsaya maka, mai ba da Keke Napep balas shi ma garanto yake so, kuma wannan mai tsayawar shi ne ainihin abin da maraya ya rasa. Wanda ya koyi aiki a hannun ubangida na kirki ya fi samun sauƙi, don ubangidan kan tura masa kwastoma ya kuma shige masa gaba wajen neman aure. Ga 'ya mace kuma sau da yawa aure ne ƙofar fita, a haɗa mata kayan ɗaki da gara, sai dai in auren ya mutu tambayar ita ce wane gida za ta koma, shi ya sa karatu ko sana'a kafin auren ba ƙaramin abu ba ne.

Wasu ƙasashe sun mai da shirin yayen doka. A Ingila dokar 2000 ta wajabta wa ƙaramar hukuma ta rubuta wa matashi tsarin fita ta kuma haɗa shi da mai ba shi shawara, daga 2014 aka yarda ya ci gaba da zama wajen mariƙinsa har shekara 21, dokar 2017 kuma ta kai taimakon mai shawarar zuwa shekara 25. A Amurka dokar 1999 ta ware kuɗin koya musu zaman kai, ta 2008 ta bai wa jihohi damar riƙe su har 21. Majalisar Ɗinkin Duniya ma a ƙa'idojinta na 2009 ta ce a fara shirya yaro tun da sauran lokaci, a sa shi cikin shawarar, kuma a ba shi wani takamaiman mutum da zai riƙa bibiyarsa bayan ya fita.