Gasa da Rabon Kyauta a Soshiyal Midiya: Abin da Dokar Saudiyya Ta Tanada

Da azumi ya gabato ko aikin Hajji ya kankama, sai 'yan kasuwarmu na Makka da Jidda da Madina su cika TikTok da Snapchat da sanarwa: a bi shafi, a kira abokai uku, mutum ɗaya zai ci abaya ko kwalin dabinon ajwa ko waya. Mai shago yana ganin alheri ya yi. Ma'aikatar Kasuwanci kuwa gasar kasuwanci take kiran wannan, kuma ba a yin ta sai da lasisi.

Hukuncin yana cikin Dokar Yaƙi da Algus a Kasuwanci ta shekarar 1429 Hijiriyya, wato 2008. Sashe na 4 ya hana yin rangwamen farashi ko gasa ta kowace hanya ba tare da izini ba, don haka wadda aka yi a waya da wadda aka yi da akwatin ƙuri'a a ƙofar shago duk ɗaya ne. Wanda ya saɓa wannan sashe ana iya cin sa tarar da ta kai riyal 50,000, ko ɗaurin da ya kai wata 6, ko a haɗa masa duka biyun. Akan kuma buga sunan shagon da hukuncin, da kuɗin mai laifin, kuma ga ɗan kasuwa wannan ya fi tarar ciwo.

A gurfa tijariyya, wato cibiyar 'yan kasuwa ta garin da shagon yake, ake neman lasisin, aƙalla kwana 30 kafin a fara. Za a bayyana yadda gasar take, ranar farawa da ta rufewa, yawan kyaututtuka da irinsu tare da shaidar cewa suna hannu, da ranar fitar da sakamako. Gasa ba ta wuce kwana 60, shago ɗaya kuma ba ya yin ta fiye da sau 2 a shekara. Lambar lasisin dole ta fito a jikin kowace sanarwa.

Sharaɗin da ya fi kayar da mutane shi ne na saye. Ba a yarda a ce sai wanda ya sayi kaya zai shiga ba, ba a saka takardar gasa a cikin kwalin kaya, ba a kuma ƙara farashi don a fanshe kuɗin kyautar. Dalilin a fili yake. Idan mace ta sayi turaren riyal 100 da ba ta buƙata don kawai sunanta ya shiga ƙuri'ar zoben zinari, ta zuba kuɗi ne a kan abin da ba ta san ko za ta samu ba, wannan kuwa hanyar caca ce. Sanarwa irin su “turo rasidinki ki shiga” ko “duk wanda ya yi oda yau yana ciki” suna faɗawa cikin wannan haramcin, ko da kyautar ta gaskiya ce kuma an ba wanda ya ci. Wanda ya ce a tura masa riyal 10 kuɗin shiga, nasa ya fi muni.

Wajen fitar da sakamako ma akwai ƙa'ida. A ƙarƙashin kulawar gurfa ake yin ƙuri'ar, ba a ɗaki mai shago ya zaɓi suna shi kaɗai ba. Shi da matarsa da 'ya'yansa da iyayensa da ma'aikatansa ba sa shiga. Mutum ɗaya ba ya cin kyauta biyu. Wanda ya ci a miƙa masa kayansa cikin kwana 7.

Ga mai igama, wato baƙo mai takardar izinin zama, akwai ƙarin nauyi, kuma nan ne ya kamata mutanenmu su fi lura. Shago mai rajistar kasuwanci ake ba lasisin gasa. Baƙon da yake juya kasuwanci da sunan ɗan ƙasa, ya zo ya yi gasa da fuskarsa da lambar wayarsa, da kansa ya ajiye shaidar tasattur, wato fakewa da sunan wani a yi kasuwanci, laifin da hukuncinsa kan kai shekara 5 a kurkuku da tarar riyal miliyan 5, sannan a fitar da shi daga ƙasar. Tallata gasar wani ma ba a sake take ba. Tun watan Oktoba na 2022 mai talla a shafinsa na kansa sai da lasisin Mausuk na hukumar kula da kafafen yaɗa labarai, riyal 15,000 na shekara 3, baƙo kuma ba ya talla da gashin kansa sai ta hannun kamfani mai izini. Yarinyar da aka ba abaya kyauta don ta yaɗa gasa a shafinta, talla ta yi.

Su ma kafafen suna da nasu sharuɗɗan. Facebook ya hana a tilasta wa mutane yaɗa gasa a shafinsu na kansu ko lanƙaya sunayen abokai kafin su shiga, Instagram kuma yana son a rubuta cewa ba shi ya ɗauki nauyin gasar ba. Lambobin wayar da aka tara kuwa Dokar Kare Bayanan Mutane, wadda ta fara aiki a Satumbar 2023, ta hana a yi amfani da su a wani abin daban ba da yardar masu su ba.

Mai son shiga gasa ya fara duba lambar lasisi. In aka ce ya ci amma sai ya biya kuɗin aike, ko ya turo lambar sirrin da banki ko manhajar gwamnati ta Absher suka aiko masa, damfara ce, kada ya tura. Gasar da babu lasisi ko wadda aka hana kyautarta ana kai ƙararta ga Ma'aikatar Kasuwanci ta lamba 1900 ko manhajar Balag Tijari, a haɗa da hoton sanarwar kafin a goge ta.